Ina so in bar fiyano in koma gurmi da jita, furodusa ya ce zan kashe kasuwata

TelaMaiBaiti:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema gun waɗanda suka san harkar situdiyo, da ma masu sauraro kawai. Ni mawaƙi ne amma ba na ƙarƙashin kowa, ba ubangida ba kamfani, ni nake rubuta baitocina ni nake biyan kuɗin situdiyo daga ɗan abin da nake samu a ɗinki, in an gama in ɗora a Audiomack da YouTube in tura wa jama'a a WhatsApp. Duk waƙoƙin da na yi zuwa yanzu irin na kowa da kowa ne, furodusa ya buga kiɗa da fiyano a kwamfuta, in shiga in rera, a sa min Auto-Tune, manhajar nan mai gyara murya, a nemo wadda za ta yi amshi, shi kenan. Ba raina su nake ba, akwai wadda har a gidan biki ana sakawa, amma gaskiya in ka kunna tawa ka kunna ta wani ba za ka bambance ba sai in an faɗi suna a farkon waƙar.

To yanzu akwai wasu baitoci da na rubuta waɗanda ba na soyayya ba, ɗaya a kan mahaifiyata ɗaya a kan 'yan cirani, kuma duk yadda muka juya su a kan fiyano sun ƙi zama. Akwai wani dattijo a unguwarmu mai kaɗa gurmi, na rera masa ya bi ni, wallahi nan take waƙar ta zauna daram. Ni ma ina ɗan taɓa jita. Da na kai wa furodusa maganar sai ya ce kasuwa ba ta son irin wannan, kuma ɗaukar gurmi wahala ce, gara ya ciro min sautinsa a kwamfuta. Duk da haka na matsa muka kawo dattijon, da aka sa masa hedifon aka kunna masa wannan kas-kas ɗin na ƙirga kiɗa sai ya kasa bi, aka yi ta maimaitawa har kowa ransa ya ɓaci, kuɗin zaman ya tafi a banza.

Shin akwai yadda ake ɗaukar irin waɗannan kayan kiɗan ya fito da kyau ba sai an je Legas ba? Kuma canza salo ga wanda bai riga ya yi suna ba, wauta ce ko dabara?

InjiniyanSauti_KD:

Wa alaikumus salam. Malam ba laifin dattijon ba ne, tsarin ɗaukar ne aka juya shi a baibai. Mu a situdiyo mun saba a fara gina kiɗa a manhajar kwamfuta irin FL Studio ko Cubase, komai a kan layi yake ba ƙari ba ragi, sannan mawaƙi ya zo ya hau kai. Shi kuwa mai gurmi tunda yake bai taɓa bin na'ura ba, bakin mawaƙi yake bi, in ka ja baiti ya ja in ka sassauta ya sassauta, wannan ɗan rausayar ita ce daɗin abin. Kai tela ne ai, ka san riga ake yankawa daidai mutum, ba mutum ake yankawa daidai riga ba.

Ga yadda zan yi in ni ne. Ku zauna kai da shi a ɗaki ɗaya kuna kallon juna, ba hedifon ba kas-kas, maik ɗaya a bakinka ɗaya a gurmin, ku yi waƙar daga farko har ƙarshe kamar kuna zaure. Ku yi ta sau da dama a zaɓi wadda ta fi rai. Sautinka zai ɗan shiga maik ɗinsa nasa ya shiga naka, kar wannan ya dami kowa, haka aka ɗauki kusan duk waƙoƙin da iyayenmu suke ji a rediyo. Bayan nan ne za a ƙara jita da kalangu ko ƙwarya a kai, su ma da hannu, mai bugawa ya saurari abin da kuka yi ya bi. In furodusa ya dage sai ya sa bes, wato sautin nan mai kauri, ko wani abu na kwamfuta, to shi ne zai zauna ya daidaita gudun kwamfutar da naku, ana yi, aiki ne kawai mai cin lokaci shi ya sa da yawanmu ba ma so.

Sai maganar Auto-Tune, wannan ita ce za ta fi ba ku matsala. Shi aikinsa ya ja muryarka zuwa maɓallin fiyano mafi kusa. Gurmi kuwa ba da fiyano ake saita shi ba, mai shi da kunne yake ɗaure tsirkiyarsa daidai muryar mai waƙa, sau da yawa sautin yana faɗawa ne a tsakanin maɓalli biyu. To in ka rera daidai da gurmi sannan na'ura ta ja ka zuwa fiyano, za ka ji murya da kiɗa suna faɗa, mutane su ce gurmin ne ba shi da daɗi alhali ba haka ba ne. A kashe shi gaba ɗaya a wannan waƙar. In akwai baitin da ka kauce ka sake rera shi. Jitarka ma da gurmin za ka saita ta, ba da manhajar waya ba.

Kuma ku gama duk abin da ya shafi gurmin a zama ɗaya, domin fata ce a kan duma, da damina tana saki da hunturu tana ɗaurewa, abin da kuka ɗauka yau in kuka dawo bayan sati ba lallai sautin ya zo ɗaya ba. Maik kar a manna shi a jiki, a ba shi kamar taƙi ɗaya ko fiye, a ɗan karkata shi. A kashe fanka, janareto ya yi nisa ko a yi da inbata. Ɗaki in yana amsa kuwwa a jingina katifu a rataya barguna, ni ɗakin da ke cike da kaya ya fi min ɗakin tayil fes. Ba sai ka je Legas ba wlh, ƙaramin akwatin ɗaukar sauti na Focusrite mai ramin maik biyu da laftof sun isa.

UwarAmshi:

Ƙanena bari in faɗa maka abin da masu zuga ka ba za su faɗa maka ba. Ni na daɗe ina amshi a situdiyoyi, na ga masu irin wannan tunanin da yawa, kowa ya ce kai wannan waƙa ta yi ma'ana Allah ya ƙara basira, amma ranar biki ba wanda zai kira ka. Kuɗin waƙa a ƙasar nan a ina yake? Waƙar amarya da ango, waƙar siyasa in kaka ta zo, waƙar fim, sai tallan kaya. Duk waɗannan fiyano suke so, abin da mata za su taka a fili a yi liƙi. DJ ba zai saka waƙar 'yan cirani da gurmi ana tsaka da kamu ba.

YouTube ɗin ma kafin su fara ba ka kaso daga talla sai ka tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin shekara, kuma kallon da ake yi daga nan gida kuɗinsa kaɗan ne in ka gwada da na waje. To furodusanka a maganar kasuwa bai yi ƙarya ba, a maganar wahala ce kawai ya nuna lalaci.

Ban ce kar ka yi ba fa. Ka yi, amma kar ka yi shelar wai ka bar fiyano. Ka riƙe masu kawo maka na cefane, su za su biya maka kuɗin wannan ɗin. In mutum ya saki reshe ya kama ganye ba mai tausaya masa.

Ɗan_Tawa:

Salamu alaikum. Ni daga Nijar nike, wanga zance naka ya tuna mini da wani namu da ya kamata ka bi labarinai, Mdou Moctar, sunanai na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine na daga yankin Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan. Shi jitarshi ta hwarko da hannunai ya haɗa ta, da wayar birkin keke ya yi tsirkiya, don gida ba a son shi yi kiɗi. Abin da zai ba ka mamaki, kundin waƙoƙinai na hwarko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi shekarar 2008, cikin situdiyo irin naku, da kiɗin kwamfuta da Auto-Tune kamar na waƙoƙin fim na Hausa, amma da Tamashek, harshen Abzinawa, yake rerawa kuma ga jita a ciki. Wato shi abin da kake son gudu shi ne ya tahi nema, don a wajenmu lokacin shi ne sabon abu.

Ba kamfanin da ya hidda shi lokacin. Waƙoƙin sunka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori har Mali da Muritaniya, mutane na ji ba su ma san wa ya yi ba. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin waƙoƙi na Sahel Sounds, ya tarar da ɗaya daga ciki a wayoyin mutane, ya sa ta cikin wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya hito a faifai 2011, sannan ya yi ta cigiya har ya samu mai ita.

Daga nan duba yadda ya yi ta canzawa. 2013 anka hiddo wanda anka ɗauka kai tsaye a Cintabaradan, kiɗin buki tsantsa da ƙurar wurin duka. 2017 ya yi wani shi kaɗai a Amurka, a hankali, shi ya buga komi da kainai. 2019 ya shiga situdiyo a Ditiroit da cikakkar ƙungiya, jitar lantarki mai ƙara kamar ta 'yan rok. 2021 kamfanin Matador ya hiddo Afrique Victime, nan ne duniya ta san shi sosai. Da anka yi juyin mulki nan ƙasarmu a Yulin 2023 suna can Amurka suna zagayen wasa, hanyar komowa ta rufe musu na ɗan lokaci, sai sunka shiga situdiyo sunka sake ɗaukar sababbin waƙoƙinsu da jitar katako ba lantarki, wannan ya hito 2025. Waƙa guda, riga biyu.

Kuma ba shi kaɗai ba. Malam Mamman Barka, Allah shi jiƙan shi, ya rasu 2018, ai kun san shi a Najeriya da gurumi. Bayan ya riga ya yi suna ya tahi bakin tabkin Cadi ya zamna gaban wani tsoho yana koyon biram, kayan kiɗin ƙabilar Buduma mai tsirkiya biyar da ya kusa ɓacewa, kuma da shi ya zagaya Turai. Don haka ni a ganina ka yi abinka.

TelaMaiBaiti:

Na gode ƙwarai. Injiniya wlh kamar kana wurin, har furodusan yana cewa gurmin ne ba a kan ki yake ba, wai sautinsa bai dace da na fiyano ba, ashe daga inda matsalar take kenan. Anti UwarAmshi na ji kuma ba zan saki waƙar biki ba in sha Allah, ita ke biyan haya. Ɗan_Tawa ban taɓa sanin a Sakkwato ya fara ba, zan nemo in ji.

Amma akwai abu biyu da suka rage min. Na farko shi dattijon, ban san yadda zan yi da shi ba ta fuskar kuɗi, ranar da muka je na ba shi na mota da ɗan goro ya karɓa bai ce komai ba amma jikina ya ba ni bai ji daɗi ba. Na biyu in na canza situdiyo, tsofaffin waƙoƙina duk suna kwamfutar wancan furodusan, ni MP3 kawai nake da shi.

BabaTsohonRediyo:

Yaro na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na ji daɗi da har yanzu akwai matashin da kunnensa ke jin gurmi. Amma zan ɗan ja maka kunne a wuri biyu.

Wannan dattijo ba ɗan kwangila ba ne da za ka miƙa masa na mota. Abin da ke hannunsa shekaru ya yi yana tara shi, wataƙila ma gado ne. Ka je gidansa, ba ka kira shi a waya ba, ka gaishe shi, ka faɗa masa abin da kake niyya da waƙar da inda za ta je, ku yanka magana a gaban wani babba, nawa ne na zama, kuma in Allah ya sa waƙar ta kawo wani abu nan gaba mene ne rabonsa. Sannan sunansa ya fito a jikin waƙar, in ma da hali ka ambace shi a baiti, haka makaɗa suke yi wa junansu tun asali. Shata da duk girmansa yana ambaton makaɗansa a cikin waƙa. Da yawa daga cikin tsofaffin nan an ɗauki sautinsu an yi kuɗi da shi sun mutu ba su ga ko sisi ba, kar a fara da kai.

Na biyu, ku yaran yanzu in kun ce za ku koma gargajiya sai ku ɗauko gurmi da kalangu da kukuma da algaita da sarewa ku zuba su duka a waƙa ɗaya, a sa rawani a hau doki a yi bidiyo, wai al'ada. Kowane kayan kiɗa da muhallinsa da mutanensa. Kotso da taushi na fada ne, kalangu ka fi ganinsa wurin mahauta da 'yan dambe da biki, ƙwarya ta mata ce 'yan amada irin su Barmani Choge. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu 2015, da kuntigi kawai ya yi rayuwarsa, tsirkiya ɗaya a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, ba 'yan amshi ba komai, kuma da shi ya yi wa 'yan karen mota da talakawa waƙa har aka san shi a ƙasashen waje. Haruna Uji na Haɗeja gurmi ne, je ka saurare shi da kyau ka ji yadda yake barin gurmin ya yi magana tsakanin baiti da baiti, ba ya cika wurin da surutu. Irin waƙar da ka ce ka rubuta ta mahaifiya da ta 'yan cirani, kalmomin ne jarinka, duk abin da zai danne su a cire shi. Ni da za ka ji tawa ko jitar ma ka ajiye ta a waƙar farko, amma na san ba za ka ji ba.

UwarAmshi:

Baba ya gama magana a kan dattijon, Allah ya ƙara girma. Amma Ɗan_Tawa ka yi haƙuri, labarin da ka kawo ai ni ya goya wa baya. Wace waƙa ce ta fitar da shi? Mai Auto-Tune ɗin nan ta Sakkwato dai, wadda ake turawa a waya. Kuma shi masu sayen tikitinsa yanzu Turawa ne, mu nan tambayi mutum goma a Kantin Kwari ka ji ko akwai wanda ya san shi. Mutum nawa ne Bature zai tsinci waƙarsu a memori? Ƙanena dai ya yi don yana so, kar ya yi don yana jiran jirgi.

Ɗan_Tawa:

Hajiya gaskiyarki a rabi. Amma kahin Turawa su san shi bukukuwan Agadas yake kiɗi, can yake samun abincinai, kuma ko bayan ya yi suna in ya komo gida yana yi. Abin da ya sa waccan waƙa ta yi yawo ba Auto-Tune ba ne kaɗai, waƙoƙi dubu nawa ke da shi? Don ba ta yi kama da ta kowa ba ne, jitar Abzinawa bisa kiɗin Hausa, ba a saba ji ba.

InjiniyanSauti_KD:

Malam a kan tsofaffin waƙoƙinka, ka je da lalama tun kuna shiri, kar ka bari sai kun ɓata. Ka sayi filashi ko hadis ka ce ya fitar maka da kowace waƙa a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, kuma kowane layi daban, muryarka daban, amshi daban, kiɗa daban, duk su fara daga wuri ɗaya don duk situdiyon da ka kai a iya jera su. Wasu za su ce sai ka ƙara kuɗi, in bai yi yawa ba ka biya, domin kwamfutocinmu mutuwa suke yi ba sallama, kuma MP3 an riga an matse shi ba ya gyaruwa. In za a turo maka ta WhatsApp a turo a matsayin dokumen.

Daga yanzu kuma kafin a kunna maik ku rubuta a takarda ko da layi biyar ne, waƙar ta wane ce, kiɗan sayar maka aka yi ko haya, an biya nawa, kowa ya sa hannu, har da na dattijon kamar yadda Baba ya ce. Za ka ga amfaninsa ranar da za ka ɗora a Spotify da Boomplay da Apple Music ta hannun kamfanonin rarraba waƙa irin su DistroKid ko TuneCore, don za su tambaye ka ko kai ne mai haƙƙin komai. Nan ma kiɗan hannu ya fi, saboda sautukan da ake cirowa a kwamfuta mutum ɗari na iya amfani da iri ɗaya, in ka nemi YouTube su riƙa gano maka masu ɗora waƙarka a tasharsu sai a samu cin karo, amma abin da kai da dattijon kuka buga ba wanda yake da irinsa. In a Kano za ka sake ta ka tuna da hukumar tace finafinai, waƙa ma tana cikin huruminsu, ka bi ta kansu tun kafin ka kashe kuɗin bidiyo.

Wani abu kuma, in an zo miksin, wato haɗa sautukan wuri ɗaya, ka hana a cika maka eko. Furodusoshinmu hannunsu ya saba, da sun ji murya ba Auto-Tune sai su ji kamar tsirara take su lafta mata eko don su rufe. Kaɗan ya isa. In an gama kar ka yarda da manyan sifikun situdiyo, ka tura a ƙaramar waya ka ji, ka kunna a Keke Napep ka ji, gurmi sautinsa na tsakiya ne yana fita a ƙananan sifiku fiye da bes ɗin da ake ta fama da shi. In ka ɗauki gwajin farko ko da wayarka ce a zauren dattijon, turo nan mu ji ta ina za a sa maik.

TelaMaiBaiti:

To madalla. Ranar Juma'a bayan masallaci zan je gidansa da kawuna tunda sun san juna. Injiniya da safe ya fi ko da dare? Don layin nasu akwai injin markaɗe.

InjiniyanSauti_KD:

Da sassafe kafin a tada injin, amma ka tambaye shi tukuna, wasunsu muryar gurminsu ba ta buɗewa sai rana ta ɗan taɓa fatar.